Corolla tana ɗaukar zafi a cunkoson Kumasi: in cire tamostat ko in sa babbar lagireto?

Abdul-Mumin, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema kan motar da nake neman abinci da ita. Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Amurka, mai giyar otomatik, ina aikin Bolt da ita a cikin gari. Da safe lafiya lau, haka ma in hanya ta miƙe kamar ta Ejisu, allurar zafi ba ta wuce tsakiya. Amma da rana in na faɗa cunkoson Kejetia ko Anloga Junction da esi a kunne, sai allura ta riƙa hawa har ta doshi jan layi. Dole in kashe esi in sauke gilashi, fasinja kuwa ba ya son haka. Ruwan lagireto ma yana raguwa kaɗan-kaɗan, fiyawata (ruwan leda) nake ƙara mata. Fitana, wato makanikena, ya ce a cire tamostat, abin nan da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, don na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, sannan a sa lagireto mai layi biyu. Wata mai zuwa zan kai iyali biki Tamale, ga shi lokacin zafi ne. Don Allah wanne zan yi a ciki?

Baba Seidu, Tafo:
Wa alaikumus salam ɗana. Fitanka bai faɗi abin da ba a yi ba. Mu da muka tsufa a kan hanyar arewa, mota na shigowa hannunmu ake zare wannan abin a jefar. Na taɓa ganin wanda ya maƙale a rufe ya ƙona wa mutum inji a tsakiyar daji. Cire shi ka huta.

Masta Issaka, Magazine:
Baba Seidu, Allah ya ƙara girma. Abin da ka gani gaskiya ne, tamostat yana maƙalewa in ya tsufa, amma maganin wannan shi ne a sa sabo. Motocin da kuka tuƙa a da ba su da kwamfuta, wannan kuwa tana da ita, kuma da zafin ruwa take auna man da za ta ba inji.

Abdul-Mumin, tamostat ɗin motarka yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, injin kuma an ƙera shi ya yi aiki a kewayen digiri 90. In ka cire shi, da asuba ko ranar ruwan sama injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ci gaba da zuba masa mai da yawa tana zaton yanzu aka tayar da shi. Kai da ke lissafin fetur kullum, a aljihunka za ka ji. Baƙin mai ma zai riƙa lalacewa da wuri. Maganar ƙasar sanyi kuma, wanda ya je Hajji ya ga Corolla birjik a Makka da Jidda, da tamostat ɗinsu suke yawo, zafin can kuwa ya fi na Bolga a arewacin Gana.

Sannan ko ka cire shi, a Kejetia ba abin da zai canza. Lokacin da allurarka ke hawa, tamostat ya riga ya buɗe gaba ɗaya, ba shi ya tare ruwan ba. Kai da kanka ka faɗi inda ciwon yake: a kan gudu lafiya, a tsaye zafi. A kan gudu iskar hanya ce ke ratsa lagireto, a tsaye kuwa fanka kaɗai ke wannan aikin, ga kondensa, wato lagireton esi, a gabanta tana hura mata nata zafin. Motar da ke zafi a tsaye, iska ake fara bincika. Wadda ke zafi a kan gudu ko wajen hawan Mampong, ita ce ake zargin toshewar lagireto ko famfon ruwa.

Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne raguwar ruwan. Da safe, inji na da sanyi, buɗe murfin lagireto ka cika ta, ka tayar da mota ka tsaya kana kallon bakin. In kumfa na ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, gasket ɗin kan inji ya fara tafiya. Duba ƙarƙashin murfin baƙin mai kuma, in ka ga ya koma kamar shayi da madara, ajiye motar kawai. In duk babu wannan, a nemi yoyo a tiyo da gefen famfon ruwa da inda robar lagireto ta haɗu da alminiyam.

Razak mai wayarin, Asawase:
Masta ya gama magana, ni ɓangarena kawai zan taɓa. Yaya Mumin, tsayar da motar ka kunna esi. Da kwamfiresa ta kama, ya kamata fanka ta tashi. Ɗauko takarda ka kai gaban kondensa: in fankar na da lafiya za ta zuƙe takardar ta manne. In takardar ta faɗi, fankar ta gaji. In kuma turo ta take waje, to wani ya juya wayoyin, iska baya take yi. Wannan na sha gani a motocin da aka shigo da su da bugu a gaba aka gyara a nan. Irinsu kuma sau da yawa ba a mayar da robar da ke kewaye fanka, sai ta riƙa jan iska ta gefe maimakon ta cikin lagireto.

Haɗa fanka kai tsaye kam ban ba ka shawara ba. Za ta yi ta juyawa har a kan babbar hanya inda ba a buƙatarta, motar fankar, wato ɗan injin da ke juya ta, ta mutu da wuri, kuma ranar da ta mutu ba za ka sani ba sai tururi ya tashi. Fiyus, rile, sensa: a nan laifin kan ɓuya, kuma gyaransu bai kai kuɗin lagireto ba. A jona na'urar OBD, mai karanta kwamfutar mota, a ga ainihin digirin da fankar ke tashi, don allurar gaban direba takan zauna a tsakiya ko da zafin yana hawa da sauka.

Hajiya Ramatu, mai kayan gyara:
Ɗana, daina zuba fiyawata, don Allah. Na sha ne. Ba ya hana tsatsa, kuma in ya daɗe yana dahuwa a ciki sai ya bar farin dasashi a cikin ƙananan bututun lagireto. Ruwan rijiya ya fi muni. Kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, na Toyota ruwan hoda ne, a haɗe yake zuwa rabi da rabi, ba a ƙara masa ruwa. In wani ka saya mai kauri, ka sirka shi da tataccen ruwan batir wanda ba asid a ciki, kuma kada ka haɗa iri biyu.

Sai murfi, wanda kowa ke rainawa. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, amma in murfin ya riƙe matsi yadda ya kamata sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Naka an rubuta 1.1 ko 108 kPa a samansa. In robarsa ta tsage, ruwan zai riƙa gudu ta ƙaramin tanki, wataƙila ma nan naka ke tafiya. Kada a sa maka mai lambar da ta fi wannan wai don ƙarin ƙarfi, tsofaffin tiyo zai fasa.

Lagireto mai layi biyu ina sayarwa, kuma tana da amfani ga mai yini a cunkoso da esi. Amma in iska ba ta ratsa ta, ko layi uku ce zafin zai dawo. In ta kama sai an canza, ka tabbata mai bakin bututun man giya ce, tun da motarka otomatik ce, kuma fanka da robarta sun zauna daram a jikinta. Ka guji marar nauyin nan ta araha.

Baba Seidu, Tafo:
To, yaran zamani da kwamfutarku. Na ji. Amma in zai bar shi a ciki, ya sa sabo na asali kafin ya kama hanya, kada ya tafi da wanda ya zo da motar.

Abdul-Mumin, Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Na gwada yau da safe. Babu kumfa, baƙin mai ma fes yake. Amma takardar ba ta manne ba, fankar a hankali take juyawa, robar murfin kuma duk ta tsattsage. Da na haska fitila tsakanin kondensa da lagireto, jar ƙasa ce da ganye cunkus. Masta, in na gyara waɗannan zan iya tafiya da tsohuwar lagireton?

Masta Issaka, Magazine:
Alhamdulillahi, gasket ɗinka ya tsira. A canza motar fanka da murfi, a sa sabon tamostat kamar yadda Baba ya ce. A sauke lagireton a wanke ƙurar hunturun nan daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi don kada ganyen alminiyam ɗin su lanƙwashe. A zubar da tsohon ruwan duka, a ɗauraye, a zuba kulan, a bar injin yana aiki har iskar da ta shiga ta fita. Bayan haka ka koma Kejetia da azahar da esi a kunne. In allura ta tsaya cak, lagiretonka za ta kai ka Tamale. In ta sake motsawa, sai ka je wurin Hajiya.

A hanya kuma, daga Kintampo zuwa Buipe rana ba ta wasa. Ka riƙa kai ido kan allura. In ta fara hawa, kashe esi ka kunna hita har ƙarshe, za ta ja zafi daga injin kafin ka sami wurin tsayawa. In ka tsaya kada ka taɓa murfin lagireto sai injin ya huce har kana iya riƙe tiyon sama da hannu, kuma ka matsar da yara daga gaban motar. Ka tafi da galan ɗaya na kulan a but.