Rumbun kwamfutata ya tsaya: ku da abin ya taɓa samu, me kuka yi?

Malamin Lissafi, Sabuwar Unguwa:

Assalamu alaikum. Ina neman jin ta bakin waɗanda abin ya faru da su da kansu. Laftof ɗina ta shafe kusan mako uku tana nauyi, har ta kai in na danna folda sai in tashi in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba, sannan a daren Talata ta tsaya cik. Tun daga lokacin, duk sanda na kunna ta sai ta nuna tambarin kamfanin da ya ƙera ta, ta daskare a nan. Rumbun ajiyarta, wanda masu gyara ke kira had disk, na gigabait 500 ne, irin mai juyawa. A ciki akwai sakamakon jarrabawar ɗalibaina na zango biyu, da hotunan takardun gonarmu ta gado, da kuma abin da ya hana ni barci, wato muryar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da na naɗa yana ba da tarihin zuri'armu shekara guda kafin rasuwarsa. Ban kai ta wurin kowa ba tukuna, domin ina tsoron garin neman gira a rasa ido.

Mai Hoto, Daura:

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta namu zuwan. Kafin komai, ina roƙonka ka daina kunna ta, domin irin wannan gwajin ne ya cinye mini aikin shekara huɗu.

Nawa rumbun na waje ne, mai terabait ɗaya, kuma a cikinsa nake tara hotunan bukukuwa da na hawan Sallar Gani. Wata rana yana haɗe da kwamfuta yana aiki, yaron shagona ya zo wucewa ƙafarsa ta ja wayar, rumbun ya faɗo daga tebur zuwa siminti. Da na mayar da shi sai na ji yana ƙara a hankali, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ya yi shiru, ya sake farawa. Maimakon in ƙyale shi, na yini ina cirewa ina sawa, ina canza waya, ina canza kwamfuta, ina ganin ko zai kama sau ɗaya. Da dare wani abokina ya ce ya ji ana sa irinsa a firiza ya farfaɗo, na ƙulle shi a leda na bar shi ya kwana tare da ƙanƙara, da safe na fito da shi yana ta naso kamar tulun da aka cika da ruwa.

Ban tsaya nan ba. Na sami ƙaramar sukundireba na buɗe murfinsa a cikin shago, kuma lokacin hunturu ne, ƙura na shigowa ta ko'ina. Na ga faranti mai sheƙi kamar madubi, da wani zane mai kama da zobe kewaye da shi, da ɗan gari mai launin toka a gefe. Daga baya na kai shi Kano, mutumin da ya duba ya nuna mini garin nan da bakin biro ya ce: “Alhaji, hotunanka ke nan.” Shi ya fahimtar da ni cewa farantin yana juyawa sau 5,400 a minti guda, allurar da ke karanta shi kuma ba ta taɓa shi, tana shawagi ne a kan iska a tazarar da ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta kauri nesa ba kusa ba. Faɗuwar ta lanƙwasa allurar, ni kuma duk kunnawar da na yi sai ta ƙara kankare fuskar farantin. Na mayar wa gidaje biyu kuɗinsu na hoton biki, amma kunyar da na sha a gaban uwar ɗaya amaryar ba ta da farashi.

Ɗalibar Digiri na Biyu, Dutsin Safe:

Malam, tawa asarar daga hannun mai gyara ta zo, ko da yake ni ma ina da laifi, tunda ƙanena na aika ban je da kaina ba, kuma abin da kawai na ce masa shi ne kwamfutar ta ƙi tashi. Da yamma ya dawo da ita tana gudu kamar sabuwa, an yi mata fomatin an sauke sabon Windows, babu ko fayil ɗaya daga cikin aikin bincikena. Mai gyaran ya ce ba a gaya masa akwai abin da ake so a ciki ba.

Yayan wata ƙawata ne ya hana ni ci gaba da amfani da ita. Ya ce fomatin na gaggawa jadawalin sunayen fayiloli kawai yake sharewa, su kansu suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu, don haka kowane sabon abu da na sauke yana iya danne wani babi. Ya cire rumbun ya haɗa shi da tasa kwamfutar, ya bi shi da wata manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec, wadda duk da sunanta ba hotuna kaɗai take tonowa ba. Ta dawo da dubban fayiloli, amma babu suna ko ɗaya na asali, kowanne harafin f ne da jerin lambobi, an zube su cikin foldoji ba tsari. Kwana tara na yi ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na sami babi na ɗaya zuwa na uku, sai dai na ukun tsohon kwafi ne tun kafin gyaran malamina, babi na huɗu kuwa ya buɗe da wasu alamomi marasa ma'ana, alamar sabon Windows ɗin ya hau kansa. Abin da ya cece ni a ƙarshe shi ne saƙon imel da na taɓa tura wa malamin da ke duba aikina wata biyu kafin nan, ban ma tuna da shi ba sai da ido ya raina fata.

Mai Shagon Buga Takardu, Rafin Daɗi:

Nakan ga masu zuwa da filashi hankali tashe suna cewa komai ya goge, alhali ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye foldojin ta bar alamominsu na bogi, waɗanda ake kira shortcut, a madadinsu, kuma cikin minti biyar muke fito da su. Na san ba irin matsalar Malam ba ce, na faɗa ne saboda masu karantawa.

Mai Gyara, Ƙofar Ƙaura:

Allah ya ba ki haƙuri, ƙanwata ɗaliba. Abin da aka yi miki kuskure ne da ya yi yawa a sana'armu, domin sauke sabon Windows shi ne aiki mafi sauƙi kuma mafi saurin kawo kuɗi, sai ya zama wasunmu ba su tambayar mai kaya ko kwamfutar yake so ko abin da ke cikinta.

Malam, idan aka kawo mini irin taka, kafin in taɓa komai kunnena nake fara karawa a jikin rumbun. Idan na ji ƙarar da mai hoto ya kwatanta, nan take nake cire wuta in gaya wa mai shi gaskiya cewa aikin ya fi ƙarfin shagona, domin canza allura sai a ɗaki na musamman da ake tace iskarsa, kuma kuɗin aikin yakan ninka na sabon rumbu sau da yawa. Idan kuma shiru na ji, ba ya ko juyawa, galibi allon lantarkin da ke bayansa ne ya ƙone. An taɓa kawo mini na wata babbar kwamfuta da aka maido da wuta da ƙarfi ta buga ta, yana ta ƙaurin ƙonewa. Na sami allo iri ɗaya sak na ɗaura, rumbun ya juya amma ya ƙi nuna komai, sai da na ciro wani ɗan ƙaramin guntu mai ƙafa takwas daga tsohon allon na liƙa a sabon, saboda a cikinsa aka adana saitin da ya keɓanta da wannan rumbun shi kaɗai. Daga nan komai ya fito lafiya lau.

Alamomin da ka lissafa, wato nauyi na makonni sannan daskarewa, sun fi kama da lalacewar wasu gurabe a fuskar farantin, kuma irin wannan yana da magani muddin ba a gajiyar da shi ba. Nakan ciro rumbun, wanda a laftof ɗan ƙarami ne mai inci biyu da rabi, in duba rahoton lafiyarsa da CrystalDiskInfo, wadda ke nuna shuɗi ga mai lafiya, ruwan ɗorawa ga mai ciwo, ja ga wanda ya kusa mutuwa. Bayan haka ba na buɗe folda ko ɗaya. Nakan tayar da kwamfuta da Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta daban da Windows, daga filashi, in sa manhajar ddrescue ta kwafe rumbun gaba ɗayansa zuwa wani lafiyayye wanda girmansa bai gaza na farkon ba. Hikimarta ita ce takan fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu gardama, sai a ƙarshe ta dawo ta lallaɓa su. Tana kuma rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil, abin da ya fi komai amfani a garin da wuta kan ɗauke ba sallama, tunda in ta dawo daga nan za a ɗora. Duk wani tone-tone da za a yi, a kan kwafin ake yin sa, shi kuwa asalin a ajiye shi gefe. Ko da wasu manhajojin tono fayiloli irin su Recuva ko TestDisk mutum zai yi aiki, kada ya sauke su a rumbun da yake son ceto, kada kuma ya zuba abin da ya tono a cikinsa.

Ma'aikaciyar Gwamnati, Ƙofar Marusa:

Ni shayi ne ya zube a kan tawa, kwamfutar ta mutu amma rumbun lafiyarsa ƙalau. Da aka haɗa shi da wata kwamfutar sai ya nemi mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa rumbu, mai lambobi 48, ni kuwa ban taɓa sanin an kulle shi ba. Mai gyaran ya ce in babu wannan mabuɗin ba shi da abin yi, ko da kuwa Legas aka kai shi. Ashe yana cikin asusun Microsoft da ɗana ya buɗe mini ranar da aka sayo ta, sai da muka kira shi daga Zariya ya yi ta lalube kafin ya tuna kalmar sirrin. Malam, ka bincika wannan tun yanzu, kada a gama wahalar kwafa a tarar da ƙofa a rufe.

Injiniyan Gini, Ƙofar Ƙwaya:

Da izinin mai gyara, ina ganin an tsawaita lamarin. Bara nawa ya ƙi buɗewa, Windows yana ta cewa sai na yi masa fomatin, na ƙi, na rubuta umarnin chkdsk da Windows ke duba rumbu ya gyara da shi, cikin rabin awa zane-zanena duka suka dawo.

Mai Gyara, Ƙofar Ƙaura:

Yallaɓai, ka yi daidai da ka ƙi fomatin, kuma ka yi sa'a, domin da alama naka jadawalin fayiloli ne ya hargitse, wataƙila an zare shi yana cikin rubutu, amma jikinsa ba shi da ciwo. Wannan umarnin gyara yake yi kai tsaye a kan rumbun, abin da bai gane ba kuma yakan yanke shi ya tara gutsattsarinsa a wata folda da sunaye marasa amfani. A rumbun da ya fara lalacewa kamar na Malam, daidai yake da sa marar lafiya ya yi noma yini guda don a gane inda ke masa ciwo. In an riga an kwafa, babu laifi a gwada shi a kan kwafin.

Malamin Lissafi, Sabuwar Unguwa:

Jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Ban sake kunna ta ba tun ranar da na karanta labarin mai hoto. Na kai ta da kaina, na zauna aka ciro rumbun a gabana, rahoton lafiyarsa ya fito ruwan ɗorawa. Hajiya, na tambaya, nawa ba a kulle yake ba. Na sayi sabon rumbu mai terabait ɗaya aka fara kwafa ranar Asabar, kuma mafi yawansa ya wuce kafin magariba, amma ɗan ragowar ya ci har zuwa Litinin, an tsaya sau huɗu saboda wuta.

Sakamakon ɗalibai ya fito cif, haka ma takardun gona, in ban da hoto ɗaya da rabinsa ya koma toka-toka, shi ma asalin takardar yana hannun yayanmu. Muryar Baba kashi shida ce. Biyar sun fito ba tangarɗa, mun saurare su jiya da dare a ɗakin Inna, ba wanda ya iya cewa uffan har suka ƙare. Ta shidan tana tafiya daidai har minti na goma sha takwas, inda yake lissafa 'ya'yan kakanmu na uku da garuruwan da suka watsu, sai ta yi tsalle, ya dawo yana maganar wata shekarar fari. An sake bin wurin har sau uku bai karantu ba, mai gyaran ya ce a haƙura haka.

Na zuba kwafi ɗaya a ma'ajiyar intanet ta Google Drive, tunda gigabait 15 ɗin da suke bayarwa kyauta ya ishe su, ɗaya kuma na tura wa ƙanwarmu da ke aure a Funtuwa. Inna ta ce Baffanmu na Mani ya san sunayen nan duka, shi ne ya rage a cikinsu, kuma jikin nasa sai a hankali. Na riga na cika wayata da caji, gobe bayan sallar asuba zan kama hanya.