Iyakar sabon asusun eBay: a haɗa kuɗin aikawa cikin farashi ko a ware shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna sayar da kaya a eBay.

Sabon asusu yakan fara da iyakar kaya 10 ko dala 500 a wata, duk wanda aka fara cikawa. Guda-guda ake ƙirga kayan, don haka talla ɗaya mai huluna 6 ta cinye gurbi 6. Tallar da ke sabunta kanta duk wata ita ma tana shiga lissafin sabon watan.

Ga inda na maƙale. Hula dala 40, aikawa dala 25. Kamashon eBay, kashi 13 da ɗoriya cikin 100 a yawancin kaya, ana cire shi ne daga jimillar abin da mai saye ya biya, har da kuɗin aikawa da haraji, sannan a ƙara santi 40 kan kowace oda da ta wuce dala 10. Ta fuskar kamasho ke nan duk ɗaya ne. Amma in na sa dala 65 na ce aikawa kyauta, huluna 7 kawai za su shiga cikin dala 500. In na ware, 10 za su shiga, sai dai dala 25 a gefe tana korar masu saye.

Wanne ya fi saurin sa a ɗaga iyakar? Kuma in aka janye tallar da ba ta sayu ba, gurbinta yana dawowa a watan? Allah ya saka da alheri.