Ina horar da yara damben boksin amma ba ni da takardar koci, ta ina zan fara?

Mai Walda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni ga waɗanda suka san harkar damben boksin, musamman tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa.

Ni walda ce sana'ata. Na yi boksin tun ina sakandare, daga baya aure da neman abinci suka janye ni. Yanzu yaran unguwa ne ke taruwa wurina bayan la'asar a filin firamaren da ke bayan shagona, 'yan shekara 12 zuwa 17, har da 'yan mata biyu, 'ya'yan maƙwabcina. Kayanmu ba su taka kara sun karya ba: buhu da na cusa wa tsummoki da garin katako na rataye a ƙarfen da na haɗa da hannuna, igiyoyin tsalle, tayar babbar mota, da safar dambe 'yan kaɗan da na samo a gwanjo. Hular kare kai ɗaya ce tak, karɓa-karɓa ake yi.

Akwai wani bahago a cikinsu, yaro mai natsuwa, ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa. Na kai shi wata gasa, sai aka ce ba zan hau kusurwarsa ba tunda ba ni da rajistar koci. Wani da bai taɓa ganinsa ba ne ya ba shi ruwa tsakanin turmi, ni ina tsaye cikin 'yan kallo ina ganin yana sauke hannun dama bayan kowane naushi, ba damar in faɗa masa. Ban ga laifin masu gasar ba, doka ce. Amma ba na so hakan ta sake faruwa.

To ina ake samun takardar nan? Matakai nawa ne? Dole sai na je Legas? Kuma me ake koyarwa da wanda ya yi dambe da kansa bai sani ba?

Tsohon Koci:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe yaran nan. Kada ka fara da Legas, fara da gida. Je ka hukumar wasanni ta jiharku, ka nemi sakataren ƙungiyar boksin ta jiha da babban kocinta. Ka yi wa ƙungiyarka rajista, ka yi wa kanka, sannan ka roƙi babban kocin ya bar ka ka riƙa zuwa atisaye a ƙarƙashinsa. Ka ɗauki bokiti, ka naɗa wa 'yan wasa bandeji, ka riƙe agogo. Ta hannun jiha sunanka zai isa Hukumar Boksin ta Najeriya idan an buɗe kwas, domin ba kasafai ake ɗaukar wanda ya zo shi kaɗai ba wanda ya san shi ba.

Takardu iri biyu ne, kada ka gwama su. Akwai ta makaranta: Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke filin wasa na ƙasa a Surulere, Legas, wadda aka kafa a 1974. Can ake koyon aikin horarwa daga tushe, yadda jiki ke aiki, tsara atisaye na mako da na wata, abinci, da taimakon gaggawa. Ita ce ke da amfani idan wata rana kana neman aiki da gwamnatin jiha ko makaranta. Sai kuma ta hukumar duniya, wadda muka saba da ita da tauraro: tauraro ɗaya, biyu, uku, tsarin da AIBA, hukumar boksin ta duniya a wancan lokacin, ta kawo. Tauraro ɗaya shi ne ƙofar shiga, uku na masu kai 'yan wasa manyan gasannin duniya ne. Wani lokaci kuɗin irin waɗannan kwasa-kwasai kan fito daga shirin tallafin Olamfik ta hannun kwamitin Olamfik na ƙasa.

A nan ne nake so ka buɗe ido. AIBA ta sauya suna ta koma IBA a 2021, kwamitin Olamfik na duniya ya janye amincewarsa da ita a watan Yunin 2023. A shekarar ne kuma aka kafa wata sabuwar hukumar boksin ta duniya, World Boxing, wadda kwamitin ya ba amincewar wucin gadi a Fabrairun 2025. Don haka kafin ka biya ko sisi, tambayi wace hukuma ce ke bayan takardar, kuma a wace gasa za ta ba ka damar hawa kusurwa. Duk wanda ya ce zai aiko maka da satifiket ta WhatsApp ba tare da an ga ka riƙe wa yaro naushi ba, rabu da shi.

Ka ce me ake koyarwa da ɗan dambe bai sani ba. Da yawa, ƙanena. Ɗan dambe jikinsa kaɗai ya sani. Koci kuwa dole ya san cewa ɗan shekara 13 ba ƙaramin babba ba ne, ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Manya na yin turmi uku na minti uku-uku da hutun minti ɗaya, 'yan 15 da 16 minti biyu-biyu. Dole ya san yadda alƙalai biyar ke ba da maki, 10 ga wanda ya ci turmi, 9 ko ƙasa da haka ga ɗayan, cewa naushi mai tsabta da ya sauka inda ya dace suke ƙirgawa, da wanda ya mallaki wasan da dabara, ba yawan wurga hannu ba. Dole ya san cewa mutum uku ne a kusurwa, ɗaya kaɗai ke shiga ciki lokacin hutu. Wannan minti ɗayan ma darasi ne: ka zaunar da shi, ka bar shi ya ja numfashi, ka faɗi magana ɗaya ko biyu. Da kai ne a kusurwar bahagonka, “ɗaga hannun dama” ta ishe shi. Sabon koci sai ya zuba masa magana goma, yaro ya tashi bai riƙe ko ɗaya ba.

Ni abin da na fi auna koci da shi shi ne tawul. Wanda zai iya jefa tawul don a tsayar da wasa yaronsa na kan gaba a maki, saboda ya ga ƙafafunsa sun fara rawa, wannan ya cancanci takarda. Na ga masu tauraro da ba su iya ba.

Lambobin da Najeriya ta ci a boksin na Olamfik, daga tagullar Nojim Maiyegun a Tokyo a 1964 zuwa ta Duncan Dokiwari a Atlanta a 1996, duk akwai masu horarwa a bayansu da ba a cika ambata ba. Hogan Bassey, wanda ya ci kambun duniya a 1957, da ya ajiye safa horarwa ya koma. Tun 1996 ba mu sake cin lamba a boksin ba, kuma ni ban yarda cewa yara masu hannu ne suka ƙare ba.

Anti Nas:
Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, maganar hula ɗaya ce ta tsaya min a rai. Don Allah ka dakatar da haɗa su naushin gaske har ka samu hula biyu da robar kare haƙora ga kowane yaro, tasa shi kaɗai. Kuma ka sani hula tana rage yanka da kumburi ne, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. An cire wa manyan maza ita a 2013, amma yara da matasa ba su cikin wannan.

Yaron da ya sha naushi a kai ya ce yana ganin jiri, ko ya yi amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ko barci ya dame shi, ya gama na ranar, a kai shi asibiti. A dokar gasa wanda aka tsayar da wasansa saboda bugun kai yana hutun aƙalla kwana 30, har atisayen naushi ba ya yi. Sai ka buɗe littafi ka riƙa rubuta nauyin kowa da duk wani rauni, ka karɓi izinin iyaye a rubuce. Kuma kada ka bar yaro ya ƙi shan ruwa ko ya sa leda ya yi gudu a rana don ya rage nauyi kafin awo. Kwas ɗin taimakon gaggawa na Red Cross ba sai ka jira kowa ba, je ka yi shi tun yanzu.

Ɗan Guramada:
Ni dai ban gane wannan wahalar ba. A damben gargajiya wa ya taɓa nuna takarda? Yaro ya bi ubangidansa gari-gari, ya ga yadda ake naɗa kara, ya sha kashi, ya iya. Haka aka samu manyan da ake ji da su.

Mai Walda:
Ɗan'uwa, ban raina gidan dambe ba, can na fara son abin. Bin ubangida da ka faɗa ma shi ne Baba Koci ya ce in fara da shi. Bambancin shi ne waɗannan yaran ƙanana ne, iyayensu amana suka ba ni, kuma hanyar da nake so su bi, gasar jiha, gasar matasa ta ƙasa, har gaba, ba a shigarta sai da rajista. Issaka Daboré na Nijar ta wannan hanyar ya ciyo wa ƙasarsa tagulla a Munich a 1972.

Anti, na gode, na dakatar da naushin gaske daga yau, buhu da igiya da aikin ƙafa za mu riƙa yi. Baba, saura abu ɗaya: 'yan matan nan biyu fa? Mahaifinsu ya yarda, amma ina jin nauyin gyara musu tsayuwa.

Tsohon Koci:
Ka yi daidai da ka ji nauyi. Boksin na mata ya shiga Olamfik tun 2012 a Landan, hanya a buɗe take gare su, amma kada ka taɓa keɓewa da su, ko da yaro namiji ma. A samu babbar mace a wurin duk ranar atisaye, uwa ko yaya ko malamar motsa jiki ta makarantar. Ka nuna a jikinka, ita ta gyara musu kafaɗa da ƙugu. Idan ka je wurin sakataren jiha ka tafi da ita, a rubuta sunanta tare da naka, domin mata masu takardar koci sun yi ƙaranci ƙwarai a wajenmu. Ka riƙe hotunanka na fasfo, da takardar sakandarenka, da jerin sunayen yaran da shekarunsu. Je ka da safe ranar aiki, kafin a fita atisaye.