Ina so in bi makiyayan Montana korar shanu a kan doki, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata uku ina aiki a jihar Minnesota ta Amurka, kuma kewar doki ta dame ni. A gida Katsina na taso a bargar kawuna, na yi hawan sallah, na iya kilisa. Na ji akwai gidajen kiwo a jihohin Montana da Wyoming da ke karɓar baƙi, ka biya kuɗi ka yi mako guda kana taya su kora garke zuwa makiyayar kan dutse a watan Yuni. Hutuna kwana goma ne kacal a shekara. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini gaskiya, zan iya?

Habibu

Wa alaikumus salam Habibu. Na je wajen duwatsun Bighorn da ke Wyoming da Montana. Hawan sallah awa biyu ne, wannan kuwa awa shida zuwa takwas ne a kan sirdi, kullum. Rana ta biyu da ƙyar na ɗaga ƙafa na sa a likkafa. Ka fara hawa tun yanzu, ko sau biyu a mako. Ka kuma sassauta hannu: dokinsu da hannu ɗaya ake tafiyar da shi, ragama ta taɓa wuyansa kawai sai ya juya. Ka fizge shi irin na mai shirin jahi, zai rikice maka. Sukuwa ma ka cire ta daga ranka. Shanun baƙaƙen Angus ne marasa ƙaho, da maruƙansu, a hankali ake bin su. Maraƙi ya rabu da uwa, komawa yake da gudu inda ya sha nono na ƙarshe, kai za ka je ka juyo shi. Baƙo galibi a bayan garke ake sa shi, inda ƙura take, don haka rawaninka zai yi maka rana.

Malam Sani

Ɗana, ni abinci ne damuwata. Karin kumallonsu da naman alade ne, har wake da shi suke dafawa. Ka rubuta musu kafin ka biya ko sisi, su yarda za su ware maka tukunya. Ka riƙe dabino da gyaɗa a aljihun sirdi.

Hajiya Binta

Ƙari kan na Hajiya: sallar azahar za ta riske ka a tsakiyar tafiya. Matafiyi ne kai, kana da kasaru, amma ka sanar da shugaban tafiyar tun daren farko. Kan dutsen nan ko a Yuni ƙanƙara na iya sauka, ka tafi da rigar sanyi da ta ruwa.

Malam Sani

Na gode ƙwarai. Na sami barga kusa da mu, ranar Asabar zan fara. Malam Sani, takalmi fa? Dole sai mai dunduniya?

Habibu

Dole. Shi ke hana ƙafa zurmawa cikin likkafa. Ka saya yanzu ka taka shi ya yi laushi, kada ka je da sabo.

Malam Sani