Ƙanwata mai ciki an auna sukarinta an ga 5.4, wa za mu bi?

Yayar Mai Ciki:
Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Ƙanwata shekararta 17, cikin fari, yanzu sati 26. A wurin awo aka ce ta zo da safe kafin ta karya, aka soki yatsarta aka ga 5.4. Nas ta ce sukarin ya ɗan hau, ta dawo a yi mata gwajin shan ruwan gulukos. Mai kemis na unguwarmu ya ce sai ya kai 7 ake kiransa ciwo. Uwar mijinta kuwa cewa ta yi ina yarinya ina ciwon suga, kuɗi kawai ake so a ci. Mahaifiyarmu dai tana da shi.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, mai kemis magani yake sayarwa, ba shi zai karɓi haihuwar ba. Ku koma asibiti.

Anti Ungozoma:
Ƙanwata, lambar da mai kemis ya faɗa ta wanda ba shi da ciki ce. Mai ciki ma'auninta daban. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, in mace ta kwana ba ta ci komai ba aka ga 5.1 zuwa 6.9, ciwon sukari na ciki ke nan (a na'urar da ke nuna manyan lambobi, 92 zuwa 125). To amma na yatsa aka yi mata. Wanda ake yanke hukunci da shi na jinin jijiya ne da ake kaiwa ɗakin gwaji, shi ya sa aka ce ta dawo.

Maganar ƙuruciya akwai ƙamshin gaskiya, ya fi kama manyan mata da masu ƙiba. Sai dai mabiyiya ba ta tambayar shekaru. Sinadaran da take fitarwa su ke rage wa insulin (sinadarin jiki da ke sauke sukarin jini) ƙarfi, kuma daga sati 24 zuwa 28 abin ya fi bayyana. Ga kuma gado ta wurin Mama. Abin da ya fi damuna da 'yar shekara 17 shi ne sukarin yana sa jariri ya yi girma har ya haura kilo 4, ƙugunta kuma wataƙila bai gama buɗewa ba. Doguwar naƙuda ke nan, kin kuma san inda take kai yaranmu: tiyata ko yoyon fitsari. Hawan jini ma yakan biyo.

Amarya:
Anti, ni nawa 4.6 aka gani tun ina wata uku. Na tsira ke nan?

Anti Ungozoma:
Da saura, Amarya. Kin yi shi da wuri, kuma akwai matan da na safe yake fita lafiya, sai sun ci abinci sukarin ya tashi. Awon kafin karyawa shi kaɗai ba ya kama su. In kin kai sati 24 ki nemi a yi miki cikakken gwajin, na shan ruwan gulukos.

Hajiya Babba:
Ni dai roƙona kada ku hana yarinya abinci, ita ma girma take yi. A daina lemon kwalba da zabga sukari a koko, a rage malmalar tuwon shinkafa, a ƙara wake, zogale da ƙwai, ta riƙa ɗan tattaki bayan cin abinci. Uwar mijin kuma a tafi da ita awon, ta ji daga bakin likita.

Yayar Mai Ciki:
Allah ya saka da alheri. Yaya za ta shirya?

Anti Ungozoma:
Ta ci abincin dare kamar kullum, daga nan sai ruwa zalla na aƙalla awa 8. Za a ɗebi jini, ta sha gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa 1 da awa 2. Na awa 1 in ya kai 10.0, ko na awa 2 ya kai 8.5, shi ma ya tabbata. Ta zauna wuri ɗaya har a gama, in ta yi amai ta faɗa musu. Ki riƙe mata abin karyawa a jaka.