Yaya ake gane bugun farko na Ravenna ta Oscar Wilde?

Mai_Tara_Littattafai:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wani dillalin tsofaffin littattafai a Ingila ya sa Ravenna a kasuwa, waƙar da Oscar Wilde ya ci kyautar Newdigate da ita yana ɗalibi a Oksfod a 1878. Ya ce bugun farko ce. Me zan duba kafin in biya?

Malam_Na_Laburare:
Wa alaikumus salam. Fara da bango. Ta ainihi ƙaramar ƙasida ce mai shafi 16, bangonta takarda ce mai ruwan toka, kuma Thomas Shrimpton and Son ne suka buga ta a Oksfod. A bangon an ambaci karanta ta da aka yi a ranar 26 ga Yuni, 1878. Abin da ke raba gardama shi ne tambarin jami'a: na ainihi yana ɗauke da shi a bango da shafin take. Bayan rasuwar Wilde a 1900 an fitar da bugun sata mai kama da shi sosai, har da shekarar 1878, amma babu tambarin. Ka sa dillalin ya aiko maka hoton bangon gaba da na baya da shafin take, sannan ka gwada da bayanin Stuart Mason na 1914 kan littattafan Wilde. In ya yi ta kwana-kwana wajen aiko hoto, ka haƙura da cinikin.

Hajiya_Mai_Alƙalami:
Malam ya yi daidai. Ƙari a kai: waɗannan ƙasidu na ɗalibai su ne suka fi sauƙin jabu, don gajeru ne, bugawa ba ta da tsada. Thomas J. Wise, wani mai tara littattafai a Ingila, ya yi jabun Alaric at Rome ta Matthew Arnold, waƙar da Arnold ya ci kyauta da ita a makarantar Rugby a 1840. John Carter da Graham Pollard ne suka tona asirin jabun Wise a 1934, ta hanyar binciken takarda da siffar haruffa. Sun gano takardar da aka haɗa da ciyawar esparto ko markaɗaɗɗen itace a ƙasidun da ke iƙirarin shekarun da ba a fara irin wannan takarda ba. Shekarar da aka rubuta a bango ba hujja ba ce. Ka tambayi tarihin hannayen da ta bi.

Mai_Tara_Littattafai:
Na gode. Ya ce an yi mata sabon bangon fata.

Malam_Na_Laburare:
To ka tambaya ko an ɗinke bangon takardar na asali a ciki. In mai ɗinki ya cire shi ya datse gefen shafuka, daraja ta faɗi ƙwarai, kuma rabin hujjarka ta tafi. In ta zo hannunka, kada ka kusance ta da salatif ko a yi mata leda mai zafi. Gam ɗin yana cin takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Ajiye ta a kwance cikin jakar takarda marar asid, nesa da rana, danshi kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, don damina kan kawo fumfuna, hunturu kuma ya busar da takarda ta riƙa karyewa.