Makon farko da Blender: a ina kuka fara tuntuɓe?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyar ke nan da na sauke Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa a kwamfuta (3D), a laftof ɗina, tunda kyauta ce. Ina buɗewa na tarar da akwati a tsakiya, ga kyamara, ga fitila. Na iya matsar da akwatin da G, in juya shi da R, in ƙara masa girma da S, daga nan na tsaya cak. Burina in gina zauren gidanmu na cikin birnin Zariya har da zankwayensa, domin ana maganar rushe shi a yi na bulo, kuma a ciki kakana ya karantar da mu. Waɗanda suka riga ni, ku taimaka.

Ta Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, maɓallin Tab ne ka rasa. Yanayi biyu ne: a na farko kana ɗaukar abu ɗungurungum, a na biyu kana shiga jikinsa ka gyara. Idan ka shiga na gyara, 1 na zaɓen ɗigo, 2 gefe, 3 fuska. Ni sai da na yi sati biyu kafin in gane haka.

Da turmi na koya, don na san kowane lungunsa. Na danna Shift da A na kawo ganga, na zaɓi fuskar sama, na danna I ta shige ciki kaɗan ta bar baki, sannan E na tura ta ƙasa, rami ya fito. Ctrl da R ya zagaya mata zobe, na matse zoben da S, ƙugun turmi ya bayyana. Ranar har mahaifiyata na kira ta gani. Amma da na zo yin taɓarya ban fita daga yanayin gyara ba, sai ta manne da turmin suka zama abu guda. Wanda haka ta same shi ya zaɓi sabon ya danna P, za su rabu.

Kafinta a Sabon Gari:
Ni don in nuna wa mai saye siffar gado kafin in yanka katako na shiga harkar. Awo ne ya wahalar da ni. Akwatin nan da ake tararwa mita 2 ne kowane gefe, ya fi tsayin mutum. Danna N ka rubuta awon da kake so a gefe. Abin da ya cinye min kwana uku shi ne na miƙar da akwati ya zama falanki, na zo kashe kaifin bakinsa da Ctrl da B, gefe ɗaya ya yi faɗi ɗaya ya tsuke. Ashe bayan miƙarwa sai ka danna Ctrl da A ka tabbatar da sabon girman.

Ɗalibi a Kongo:
Nemi linzamin kwamfuta (mouse) mai taya a tsakiya, da ita ake zagaya abu a kalle shi ta ko'ina. Kuma Ctrl da S kada ya bar hannunka. An taɓa ɗauke wuta batirina ya mutu ina tsaka da aiki, abin da ya cece ni shi ne manhajar tana adanawa da kanta duk minti 2. Darasin da aka ɗauka kafin 2019, kafin fitowar Blender 2.8, zai ruɗa ka, domin a da da maɓallin dama ake zaɓe.

Malamin zane, Ƙofar Doka:
Yaro, aikin da ka ɗauko ya faranta min rai. Kafin ka koma kan kwamfuta, ɗauki tef ka auna zauren, ka ɗauki hotonsa gaba da gefe. Ginin ƙasa ba ya tashi sambal kamar bulo. Tushensa kauri gare shi, yana sirancewa yana hawa. Saboda haka bayan ka ja bango sama da E, matse samansa kaɗan. Zanko ma haka: ja fuskar kusurwa, matse, sake ja, sake matsewa. Bakan gizo na ciki ka bar shi tukuna. Ka je Masallacin Juma'a na cikin birni, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ka zauna ka kalli yadda bakunan suka tashi daga ginshiƙi suka haɗu a sama. Idon da bai ga wannan ba, hannunsa ba zai fitar da shi ba.

Abu ɗaya da ya daɗe yana ɓata min aiki: idan ka danna E ka fasa da maɓallin dama, sabbin ɗigon suna nan kwance kan tsofaffin. Danna Ctrl da Z nan take, ko ka zaɓi duka ka danna M ka ɗauki By Distance, ka haɗe su.

Ɗan Samaru:
Na gode Malam, na gode Yaya, Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Bango huɗu sun tsaya daren jiya, da zanko ɗaya. Ranar Asabar zan shiga birni da tef. Saura ƙofa: huda bangon ake yi, ko tun farko ake barin gurbinta?